Hannun da Ya Saka 'Yata a Ƙungiya Tara

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban sashen kula da ɗalibai, malamai maza da mata, shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai da ke sahun gaba, 'yan'uwana iyaye da muka sha hanya, da ku 'ya'yana da kuka cika bayan zauren nan, ina gaishe ku baki ɗaya.

Kafin in shiga magana, a yi mini afuwa in isar da saƙon gida ga 'yata, wadda muke kira Shiru, domin wata biyu ke nan duk na kira ta sai ta ce tana cikin taro. Shiru, babanki lafiya, sai dai idonsa ya soma gardama da allura, yanzu ni ke zura masa zare kafin ya hau keken ɗinki. Kakarki gwiwar ta sake tashi, amma bakin nan lafiya lau. Yayanki ya ƙone yatsa a gareji, ya warke. Matarsa ta yi nauyi. Ni kuma ga ni.

Ina godiya da aka kira ni in yi magana a madadin iyaye. Takardar gayyata ta ce an zaɓe ni ne saboda 'yata ta fi kowa shiga harkar ƙungiyoyi a bana, ƙungiya tara cif, kuma ana so in faɗa wa iyaye irin tarbiyyar da na yi mata. Sau uku na karanta takardar, ina bi da yatsa, domin sai da na haifi biyar sannan na shiga ajin manya na koyi baƙi. To, zan faɗa, amma ba abin da kuke zato ba ne.

Abu na farko, ranar da na kawo ta. Ta tafi karɓar makullin ɗaki, ta bar ni da kaya a gindin bishiya. Sai na hango tebura a jere a fili, kowane da rumfarsa, kowane da takarda da biro, kowane da layi. Iyaye mata, ku shaide ni: a rayuwarmu, ina aka taɓa ganin layi da takarda uwa ta zauna? A asibiti layi, wajen allurar yara layi, wajen neman gurbi a makaranta layi, kuma wadda ta yi sanya ɗanta ne ke rasawa. Shekara da shekaru ina dangwala yatsa, wani ke rubuta mini sunan ɗan da na haifa. Ran nan kuwa ga biro, ga hannuna, ga sunan 'yata da na fi iya rubutawa a duniya.

Akwai rubutu a saman kowane tebur, ban musa ba. Amma ni karatuna yana son lokaci, ga mutane a bayana, na ji nauyin in tsare layi ina haɗa baƙi. Na bi tebur tara ɗaya bayan ɗaya ina rubuta mata, suna da lambar waya, suna da lambar waya. A na bakwai wata ɗaliba mai farar hula ta dube ni ta ce, "Mama, ta iya iyo kuwa?" Na ce, "'Yar nan, babu abin da 'yata ba ta iya ba, kawo takardar." Yarinyar da ko a bokiti aka ce ta sa kai sai ta yi salati.

Abu na biyu, ba a banza muke ce mata Shiru ba. Ba ta iya cewa a'a ba. Ashe teburan nan na rajistar ƙungiyoyi ne, da suka fara kiranta a waya, sai ta ɗauka dokar jami'a ce. Litinin muhawara, Talata taimakon gaggawa, Laraba wasan kwaikwayo, Alhamis dashen itatuwa, ga jaridar ɗalibai, ga gidan rediyo, ga ƙwallon 'yan mata inda aka sa ta tsaron gida saboda ita kaɗai ba ta ƙi ba. Da ta gane ba dole ba ne, sai ta zargi abokiyar ɗakinta da rubuta sunanta, har yau ba sa gaisawa yadda ya kamata. Baiwar Allah, duk inda kike a zauren nan, ki yafe. Ni ce. Na ji ana maganar, na yi gum, domin kunya.

Abu na uku, ba zan yi butulci ba, na ga amfani. Sau ɗaya ta zo gida. Ta ɗaure wa kakarta gwiwa da bandeji, tsohuwa ta yini tana nuna wa baƙi. Babanta ya ce a rufe tagar shago saboda iska, sai muka ji, "Baba, ina da hujja uku a kan a bar ta a buɗe." Ya ajiye almakashi ya dube ni ya ce, "Wannan wa aka musanya mana?" Shekara goma sha takwas muna roƙon ta buɗe baki, ku kun buɗe shi a wata huɗu. Saboda haka iyaye, ku bar yaranku su shiga ƙungiya, ku ƙarfafa musu, ku tambaye su abin da suka koyo. Amma ku bar su su riƙe biron da kansu.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Harhaɗa magunguna na kawo ta ta karanta. Gwajin da ya wuce ta faɗi darasi biyu, malaminta kuma ya gaya mini ɗazu a bakin ƙofa cewa wanda ya faɗi babbar jarrabawa maimaita shekara zai yi. Saura kwana goma sha biyu. Idan ta maimaita, ba wasanta ya ja mata ba, ba lalacinta ya ja mata ba, hannun uwarta ne.

Don haka shugabannin ƙungiyoyi tara, ina roƙonku a gaban malamanku. Ku sallame ta daga yau har a gama jarrabawa. Ku nemi wata mai tsaron gida, ku nemi wata ta dasa itatuwan, masu iyo kuwa ku sallame ta har abada, Allah ya ba ku lada. Kada ku jira ta zo ta nema, ba za ta zo ba, in ma ta zo kuka ce ta daure, za ta daure. Bayan jarrabawa ta zaɓi biyu da ranta ke so. Ina son amsar kowannenku a rubuce kafin Alhamis mai zuwa, a bai wa ofishin kula da ɗalibai su aiko mini, kuma zan ƙirga, sai na ga tara.

Shiru, na hango ki kin rufe fuska da littafi. Buɗe shi za ki yi, ba rufe fuska ba. In kina da faɗa, ina bakin ƙofa bayan taro, na cancanta, zan tsaya in ji.

Allah ya ba 'ya'yanmu sa'ar jarrabawa, ya saka wa malamansu da alheri, ya sa ƙungiyoyin nan su zama alheri gare su, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.