“Na Ƙoshi” a Tsakiyar Teku

Mai girma shugaban ƙungiyarmu, Dakta Almu, limaminmu, Malam Auwalu, Fasto Chollom, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwana ma'aikatan jinya da suka zarce nan daga asibiti ko kayan aiki ba su cire ba, ɗalibanmu na College Park, waɗanda na san ƙamshin masa ne ya jawo su, da 'ya'yanmu na can baya, masu jin Hausa su amsa da Turanci: assalamu alaikum, salama a gare ku, barkanmu da yamma.

Sunana Dorkas Bot, ta nan Bowie. Ina godiya ga kwamitin tafiya da ya ba ni wannan dama, ina kuma godiya ga Hajiya Rumasa'u, wadda masarta ta sa yau kowa ya zo a kan lokaci, abin da shugaba ya yi shekara shida yana roƙo bai samu ba.

Jama'a, a watan Yuli, in Allah ya yarda, mu sittin da biyu za mu hau jirgin ruwa na shaƙatawa daga Baltimore, kwana bakwai. Tikiti iri biyu ne a gabanmu. Akwai na dunƙule: ka biya sau ɗaya tun a gida, abin sha, intanet, ihsanin ma'aikata, duk suna ciki. Akwai kuma wanda na raɗa wa suna taɓa-ka-biya: tikitin da sauƙi, ɗaki da abincin yau da kullum suna ciki, amma duk abin da ka ƙara sai an goga katinka. Yau za mu ɗaga hannu mu zaɓi ɗaya. Kafin nan, abu uku zan faɗa.

Na farko, Injiniya Zulkifilu yana da gaskiya. Ya ce mana a kwamiti, “Ni da ban san ko ƙamshin giya ba, don me zan biya wa wani Bature tasa?” Wannan tambaya ce ta mai hankali. Rabinmu ba ma sha saboda masallaci, rabinmu ba ma sha saboda coci, ragowar kuma ba sa sha saboda Fasto yana cikin jirgin. Mun koma wa kamfanin da maganar Injiniya, kuma sun ba mu dunƙulen da babu barasa a ciki. An rufe wannan babi.

Na biyu, dunƙule ma yana da nasa haɗarin, kuma haɗarin ga shi can zaune a layi na uku, maigidana Davou. Da muka cika shekara ashirin da aure mun yi irin wannan tafiya, komai a biye. Bawan Allah nan ya ɗaura niyyar sai ya ci kuɗinsa tas. Ya karya sau biyu, ya ci na rana sau biyu, ya sha lemon da ko sunansa bai iya faɗa ba. Na ce, “Baban Tracy, ka tausaya wa cikinka.” Ya ce, “Ai na riga na biya.” Ranar da muka sauka, wandon da ya hau jirgi da shi ya ƙi shi ƙiri-ƙiri. Saboda haka ban zo in ce muku dunƙule ya fi araha ba. Ga mai cin kaɗan, wataƙila ma ya fi tsada.

To me ya sa nake roƙonku ku zaɓe shi? Saboda na uku, kuma shi ne ya tsayar da ni a nan.

Shekara biyu da suka wuce na kai mahaifiyata, Mama Atine, ga ta nan a gaba, ta ga teku karo na farko. Don in yi tattali, na sayi taɓa-ka-biya. Ranar farko na karɓo mata lemo mai sanyi, ma'aikaci ya goga kati. Mama ta ce, “Dorkas, wannan katin na mene ne?” Na gaya mata. Ta ce, “Nawa ne a kuɗinmu na gida?” Ni kuma da wautata na buga a waya na faɗa mata. Ta ajiye kofin a hankali, ta ce, “Kofi ɗaya ya fi mudun acca a kasuwar Bukuru?”

Daga wannan lokaci Mama ta ƙoshi. A kawo shinkafa, “Na ƙoshi.” A kawo kifi, “Na ƙoshi.” Na rantse mata cewa abincin nan yana cikin tikiti, ta ce wanda ya sayar mata da ruwan lemo ba zai ba ta kaza kyauta ba, ai suna rubutawa ne a ɓoye. Da farko dariya muke yi. A rana ta huɗu na shiga ɗakinta da hantsi, na same ta ta juya wa tagar baya, ga teku shuɗi har iyakar gani, tana tauna ƙuli-ƙulin da ta ƙullo a bakin zane. Na ce, “Mama, me ya yi zafi haka?” Ta ce, “Kina tsayuwa awa goma sha biyu a asibiti, ƙafarki na kumbura, ni kuma in zo in shanye guminki a kofi?”

Jama'a, na yi kuka a ranar, ba na jin kunyar faɗa. Na kai uwata hutu, na dawo da ita da rama.

A tafiyar nan akwai iyaye goma sha ɗaya. Kun san su, na san su. Iyayenmu ne masu kawaici, iyayenmu ne masu kara, iyayenmu ne da za su gwammace su kwana da ƙishi da su ga an goga katin ɗansu. Baturen da ya tsara taɓa-ka-biya bai san “na ƙoshi” ba. Mu mun san ta, da ita aka raine mu. Abin da dunƙule zai saya mana ba lemo ba ne. Zai saya mana ikon duban tsohuwa mu ce, “Mama, an riga an biya, in ba ki sha ba asara ce.” Kun kuwa san babu uwar da za ta bari kuɗin ɗanta ya tafi a banza.

Mama za ta koma Jos a watan Disamba, ta ce sanyin Maryland ya ishe ta, kuma a shekara saba'in da takwas, in ta sauka gida ba za ta sake hawa jirgin sama ba. Wannan ne tekunta na ƙarshe. Ina so ta kalle shi da kofi a hannu.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Allah ya ƙara haɗa kanmu, na masallaci da na coci, a tebur ɗaya. Allah ya kare wandon Davou. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya sa duk ranar da suka ce mana sun ƙoshi, ƙoshin gaske ne.

Mama, na ga kina hararata. A gida ma yi maganar.

Na gode.