Yajin Kai Ƙwai

Da sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

Mai girma Bishop, uban taro, wanda ya baro ayyukansa ya zo ya zauna da mu cikin wannan rana mai ƙuna. Fada Nonoy, shugaban wannan zama, wanda ya ce in taƙaita alhali ya san halina. Mai girma Magajin Gari, Eleuterio Lumapas, da uwargidansa. Madre Purificacion, shugabar wannan gida, da sauran iyayenmu 'yan zuhudu da ke sauraro daga bayan tagar ƙarfe. 'Yan uwana mata masu girkin biki. Masunta, 'yan kasuwa, direbobi, har da waɗanda ƙamshin gasasshen alade kaɗai ya kawo su: ina gaishe ku baki ɗaya.

Wanda bai san ni ba, baƙo ne. Ni ce Soling Abellanosa, shugabar masu girkin biki ta wannan gari, kuma rabin ma'auratan da ke zaune a nan ni na ciyar da baƙinsu. Ina godiya ga kwamitin bankwana da ya ba ni magana. Na san sun yi haka ne don sun tabbata ko ba su ba ni ba zan yi.

Maganata uku ce.

Ta farko, wannan gida na 'yan zuhudu. Muna yara, in aka kaɗa ƙararrawar asuba, muryoyin da ke tashi daga bayan katangar nan har bakin teku ake jin su. Mata ne cike da ɗaki, sun rufe wa kansu ƙofa, ba kasuwa, ba biki, ba zaman makoki, sai addu'a domin mu da muke waje muna sheƙe ayarmu. Yau su huɗu suka rage. Autarsu, Sista Remedios, wadda suke kira yarinya suna aikenta ɗebo ruwa, ta haura saba'in. In suna waƙar yamma, ɗaya ta riga, ɗaya tana baya, ɗaya tana tari, ɗaya ta yi barci, amma wallahi ba su taɓa fashi ba. Ba na ganin laifin 'yan matanmu. Suna can ƙasashen waje suna jinyar tsofaffin wasu. Jikata kuwa ko shirun addu'ar cin abinci ba ta iya kai wa ƙarshe, balle shirun shekara hamsin. To, an yanke daga sama cewa gidan da ya ragu haka sai a haɗe shi da wani, don haka jibi jirgin ruwa zai kwashe iyayenmu zuwa gidan 'yan uwansu da ke wani tsibiri. Mai girma Bishop, mun ji, mun kuma bi. Amma kada a ce mun ji daɗi, domin ba mu ji ba.

Magana ta biyu, ƙwai. Na ga wasu sun fara sunkuyar da kai.

Kowa ya san al'adarmu tun kaka da kakanni: in kana da biki kuma ba ka son ruwan sama ya watsa shi, sai ka kawo ƙwai nan, ka sa a gangar katakon da ke jikin bango, ka juya ta ciki, iyayenmu su roƙa maka sarari. Mun kawo don aure, mun kawo don shanya shinkafa, mun kawo don wasan ƙwallo. Magajin Gari ma, ranar taron yaƙin zaɓensa, ƙwai mota guda ya aiko. Abokin takararsa ya aiko mota biyu yana neman a yi ruwa, Madre ta mayar masa da ɗaya ta ce nan ba a roƙon sharri.

Amma wa ya taɓa tsayawa ya tambayi yadda mata huɗu za su yi da ƙwan gari guda? Sun soya, sun dafa, sun yi kek da shi, sun gaji sun raba wa mabuƙata. Mabuƙata suka gaji suka kai kasuwa. Mu kuma muka saya muka dawo musu da shi. Sista Remedios ta taɓa ɗiga wa wani ƙwai jan alli ta fitar da shi da safe, kafin la'asar ya dawo mata a kwandon wata amarya. Ta ce da shi, "Sannu da zuwa, ya hanya?"

Magana ta uku ita ce ta kawo ni, kuma a nan ina roƙon Fada Nonoy ya daina duban agogo.

Cikin huɗun nan akwai Sista Trinidad. Ku kun san ta da Sista, ni Manang Trining ce a wurina, yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni. Ta shiga gidan nan ina 'yar firamare, tun daga ranar ban sake riƙe hannunta ba sai ta ramin taga. Kowace Asabar nakan zo da ƙwai, ko da biki ko babu, domin ita ce mai tsaron ganga, in na juya sai in ji muryarta. Mutane suna cewa Soling akwai ibada. Ina ibada! Yayata nake zuwa ji. Yanzu gwiwoyina sun ƙi, likita ya hana ni doguwar tafiya, teku kuma ko a hoto ba na iya kallonsa, balle in hau jirgi. In jirgin nan ya tashi da ita, ni da ku mun san abin da hakan yake nufi.

Shi ya sa da aka sa ranar tafiya na tara matan ƙungiyarmu ta masu girki na ce, daga yau yaji. Kada wanda ya sake kai ƙwai ko guda. In babu ƙwai babu sarari, in babu sarari hadari zai taso, in hadari ya taso jirgi ba zai tashi ba, mu ga ta inda za a bi da su. Duk kun sani, domin duk da ku aka yi. Direbobi sun tsare hanya suna leƙa kwanduna. Uwargidan Magajin Gari da kanta ta ƙwace tire guda daga hannun wani ango, yana kuka yana cewa surukarsa za ta kashe shi.

To, jama'a, ku ɗaga kai ku dubi sama. Tsakiyar damina muke. Tunda muka fara yajin nan ko ɗigo bai sauka ba! Rana ta buɗe kamar da gayya. Angon nan an ɗaura aurensa ƙasa a bushe ƙayau, manoma kuma sun fara harara ta a coci.

Asabar da ta wuce na zo hannu wofi, raina a ɓace, na ƙwanƙwasa ganga. Sai na ji muryarta tana dariya.

Ta kira ni da sunan da take kirana tun ina ƙarama, ta ce, "Inday, ke ce? Allah ya yi miki albarka. Rabon da in ci shinkafa da kifi ba ƙwai a kai tun kina da haƙoranki. Madre ta ce in tambaya ko za a iya ƙara wa yajin nan mako guda."

Na ce, "Manang, wasa ma kike yi? Don ke nake wannan haukan."

Ta ce, "Na sani, uwar rigima. Ke tun kina goye ba kya sauka sai an yi dambe. Amma ke a ganinki ƙwai muke yi wa addu'a? Ni fa tun ina yarinya ba na ƙaunarsa, ke ma kin sani. Ku muke yi wa. Mun ji labarin yaron da aka ƙwace wa tire, muka roƙa masa kyauta."



Sai ta rage murya ta ce, "Inday, can ma tsofaffi ne, biyu suna kwance, ba mai juya su. Mun yi alkawarin biyayya, za mu je. Amma in faɗa miki gaskiya, tsoron teku nake ji. Ban taɓa hawa jirgi ba. Kullum ni ake kawo wa, ni ba wanda ya taɓa kawowa domina. Ki kawo guda ɗaya, ki ce a roƙa wa yayarki sarari."

Mai girma Bishop, iyayena, 'yan uwana, a matsayina na wadda ta kira yajin nan, ina sanar da ku cewa ya ƙare. Ga ƙwan nan a jakata, tun safe nake riƙe da shi kada ya fashe, kazata ce ta saka shi, bai taɓa zuwa kasuwa ba. Sau dubu na roƙi sarari domin bikin 'ya'yan wasu. Yau zan roƙe shi domin ranar da za ta raba ni da yayata, kuma ina so a ba ni, ko da zuciyata ba ta so.

Ku kuma kada ku tashi ku cika musu jirgi da ƙwai. Guda ɗaya ta ce.

Ubangiji ya kwantar da teku jibi, ya kai iyayenmu lafiya, ya sa su tarar da masu son su. Ya ba manomanmu ruwa, amma ya dakata sai jirgi ya sauka. Ya albarkaci Bishop, da Fada, da shugabanninmu, da kowa da ke wannan fili, ya mayar da ku gida lafiya. Amin.

Manang, matso kusa da ganga, ga ni nan zuwa.

Na gode.