Laujen Bahago a Cikin Gilashi

Ku da kuke ɗokin zuwa Gadarif yankan riɗi, ku matso ku ji. Ni da zan tafi, kuɗin kazar Inna aka ɗinke mini a ƙugun wando, kafin lori ta bar Fau na cinye su a shayi da zalabiya. Abin kirkin da na isa da shi lauje ne. Kun san ni bahago ne, laujen kasuwa zamewa yake mini a kan kara. Baba ya kwana biyu a maƙera ya ƙera mini nawa, ya mai da kaifin ɗaya gefen. Lokacin hannunsa ya fara rawa, shi ne ƙarfe na ƙarshe da ya buga.

Na kama ɗaki wurin Alhaji Siddiku mai shagon buhuna. Bahaushe ne kamar mu, amma da ya hango Balarabe mai farar jallabiya sai Hausarsa ta gudu. Riɗi bai nuna ba tukuna, sai na rataye laujen a ƙusa na tafi dako Gallabat. Na dawo na tarar da ƙusa ita kaɗai.

"Alhaji, ina laujena?"

"Ma'alesh, ya zol, sai haƙuri. Lajnar unguwa, kwamitin nan, ta zo tara kayan kakanni, kowane gida sai ya ba da wani abu."

"Kai ba ka da kakanni ne?"

"Nawa kayan ina amfani da su."

Zamanin masu gemun gwamnati ne, komai za a buɗe sai an ɗaga yatsa an yi kabbara. Sun buɗe wani wuri wai shi matahaf, gidan tarihi ke nan, can aka kai kayan. Sunan ma sai ka yi kaki kafin ya fito. Ga shi motocin gona saura kwana uku su kwashi ma'aikata, riɗi kuwa ba ya jiran kowa, in ya nuna ka yi sanya ya fashe ya zube a ƙasa.

Na je. Tsohon gini ne mai ɗakuna uku, da bukka guda, da mushen tarakta, ciyawa ta cinye tsakar gidan har gwiwa. A ciki ga turmi, ga ƙorai, ga gadon igiya. Manyan mutane da takalma masu ƙyalli sun tsaya suna kallon turmi suna gyaɗa kai, sai ka ce ba da shi aka daka abin da suka girma da shi ba. A ɗaki na uku na ga laujena cikin akwatin gilashi. Na yi allo, don haka na karanta takardar da kaina: wai makamin kakanni, da shi aka yaƙi Turkawa. Laujen da bai cika wata biyu ba.

Na samu mudir, shugaban wurin, yana shan gahawa.

"Ya ustaz, wancan laujen nawa ne. Ubana ya ƙera shi, yana nan da ransa a Fau."

"Kowa haka zai ce. Ina shaidarka?"

"Ka ba mai hannun dama ya gwada."

Ya sa aka fito da shi. Mai gadi ya kai wa ciyawa sara, ta kwanta ta tashi. Mudir ma ya gwada, ya kusa yanke jallabiyarsa. Na karɓa da hagu, na ji ƙotar ta zauna a tafina, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na sunkuya na fara.

"Ci gaba," in ji mudir. "Can bayan bukka ma, mu tabbatar."

Ni kuwa wawa, daɗi ya kwashe ni. Kafin la'asar na aske tsakar gidan tas, har ƙarƙashin tarakta. Mudir ya zagaya ya duba.

"Tamam. Naka ne, babu shakka. Sai dai an riga an ba shi lamba, ya zama na gwamnati. Gobe manya za su zo, ba za su tarar da akwati wayam ba."

Ya miƙo hannu, ɗan sanda na tsaye a ƙofa. Na ba shi. Adalcin da ya yi mini shi ne ya yage takardar ya rubuta wata: laujen Fallata, sunan da suke kiran mu duka. Na ce ya sa sunan Baba, ya ce babu wuri.

Da laujen kasuwa na yi yankan shekarar. Ku duba babban yatsan nan, shi ya sha.

Da na koma gida na samu Baba zaune a ƙofar maƙera, wuta a mace. Bai tambayi abin da na samo ba.

"Ina laujen?"

Kunya ta sa na yi masa ado. Na ce yana birni cikin gilashi, manyan mutane na zuwa kallon aikinsa. Na zaci zai ji daɗi. Ya daɗe yana kallon hannuwansa suna rawa a kan gwiwa.

"To," ya ce, "wa ke wasa shi?"