Waya Mai Ido Huɗu

A rumfar gyaran waya ta Zayyanu, bakin kasuwar Goronyo, wani dattijo daga Giyawa ya kwance ƙyalle, ya aje waya sabuwa dal.

"Yaro, duba min wagga. Ba ta ƙara."

Zayyanu ya kira lambarta, ta ɗauki ƙara har masu albasa suka waigo.

"Lahiyarta lau, Baba. Sabon yayi ta, ido huɗu gare ta."

"Ta bara ukku gare ta, ta bara waccan biyu. Mi anka ƙara ban da ido?"

"Tana ɗaukar hoto ko cikin duhu."

"Ni cikin duhu kwana nikai."

"Batirinta ya hi daɗewa."

"Wanga gaskiya na. Ba abin da ka taɓa shi."

"Wa ka kawo maka su?"

"Ɗana Habibullahi, daga Legas. Kowace babbar Sallah shi aiko direba da sabuwa. Ni ko kullum la'asar sai in hau tudun bayan gari, can sabis shike, in zamna har magariba. Duk ukkun ba wadda tat taɓa ƙara. Nic ce halan kamfanin na ba su iya ba."

Zayyanu ya goge gilashin da ba shi da datti. Ya tuna da wadda ya aika wa innarshi can garin Dinawa tun azumi, har yau bai kira ta ba.

"Kamfanin na, Baba. Sun daɗe ba su ƙirƙiro komi ba."

"Haka nic ce." Dattijon ya naɗe ta cikin ƙyalle. "Bari mu ga ta baɗi."