Uwar Amarya da Farar Ƙafa

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Hajo ce mai kifi daga Sharabi.

Bara, da lallen bikin 'yancin kai ya koɗe, na ga baƙin tabo a tafin ƙafata. Likita ya yanke shi, ya ce ciwon dajin fata ne, an tare shi da wuri. Ya ce in riƙa komawa duk wata uku, in daina ƙunshi, don lalle zai ɓoye tabon in ya dawo.

Ga auren ɗiyata ya matso. Yayata ta ce, "Uwar amarya da farar ƙafa?" Na ce a yi dariya, ni bikin jikata nake son gani.

Mata, ku duba ƙafa kafin ƙunshi. Ina gaida Yaya, ko tana fushi.