Ragon Kawu da Manjo Bulus

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara ma muryarka zaƙi. Ni ne Sani ɗan kabu-kabu daga Gidan Amumune, wanda aka sani da tsokana.

Akwai abokina Manjo Bulus, Kirista ne, ma'aikacin likitar garinmu, wato ƙaramin asibitinmu. Kullum in muna zaune kan bencin ƙofar likita ina tsokanar shi: "Manjo, ina ragon layyarka?" Sai ya yi dariya ya ce nasu an yanka tun tuni, sau ɗaya tak.

Jajibirin Sallar bara na ɗauko shuɗin maganin gyambo a ɗakinshi, na shafe farin ragon Kawuna tas, don a yi dariya. Ba wanda ya dara. Da aka ga maganin likita ne, aka ce Kirista ya wulaƙanta layya. Manjo ya san ni ne, amma bai tona ni ba. Aka daina gaishe shi, har ya nemi canjin gari.

Ranar tafiya ni na kai shi tasha. Na ce, "Manjo, don mi ba ka tona ni ba?" Ya ce, "Sani, mu mun gaskata Yesu ya ɗauki laifin wasu, ya mutu don ya fanshe su. Ni zagi kawai na ɗauka."

Ni Musulmi ne, allo na yi, amma maganar nan ta hana ni sukuni. Jama'a, in faɗa wa Kawu gaskiya?

Manjo, in kana saurare, bencin ƙofar likita ya yi mini faɗi.