Makullin Shago da Takalmin Yun

A ɗakin jira na wani asibiti a unguwar Parkchester, can ƙasar waje, na ji su, wata dattijuwa da wani mutum mai ta duba agogo, wata Talata cikin 2016. Ba su san juna ba, Hausa ce ta haɗa su.

"Ɗana, agogon nan guduwa zai yi?" in ji dattijuwar.

"Hajiya, shif ɗina ƙarfe biyu ne, a shagon kayan lambu. Shekarata tara a wurin, amma mai shago ya ɗauki makulli ya ba Yun, wani ɗan Koriya da ya zo bayana."

"Ɗan'uwansa ne?"

"Ko kusa. Wai shi bai taɓa fashi ba, ni kuwa duk wata sai na zo awon suga. Awa goma sha huɗu yake yi a tsaye, har Lahadi. Gara shi!"

"Shi yaushe yake ganin likita?"

"Da wane lokacin? Kafin ya tashi an rufe nan. Ƙafarsa ta kumbura har ya tsaga takalmi da reza. Jiya ma ya ce in tambayar masa maganin shafawa."

"To kai ga ka a ƙofar likita, shi sai aike."

"Amma da makulli a ƙugunsa, Hajiya. Yana tafiya yana kacau-kacau, kowa na ji."

Nas ta leƙo ta ce saura mutum uku. Ya sake duba agogo, ya miƙe.

"Zauna, ɗan nan! Sugan fa?"

"Wata mai zuwa."

Da aka kira sunansa, Muniru Saeed, kujerarsa ba kowa.